Katin da Ɓarawo Bai Sauke Ba

Da safe aka buɗe ajin sama aka tarar katunan koyarwa sun ɓace. Kwaɗon ƙofa lafiyarsa ƙalau, tagogi a rufe. Jiya da yamma ƙaramar malamar nan da ɗalibai suke kira Mai Igiya ta bar su a rataye a kan igiya daga wannan bango zuwa wancan, domin yau da yamma ma'aikatan gidan rediyo za su zo su ga darasinta, in ya yi musu su ba ta fili a shirinsu. Yanzu babu komai a bangon sai ƙusoshi biyu.

Makarantar ta manya ce, masu zuwa koyon Turanci bayan sun tashi daga aiki. Shekara da shekaru ana cika musu allo da ƙa'idoji suna kwafa, a ƙarshe a ba su takardar shaida, amma mutum ya kasa gaya wa baƙo ƙarfe nawa zai iso. Ba wanda abin ya dama, balle Shugaba, wanda a wurinsa makaranta mai kyau ita ce wadda ba a tashe shi daga kujera. Sai yarinyar nan ta zo da igiyar shanya. Hagu jiya, dama gobe, a tsakiya kati mai ɗauke da “now”, wato yanzu. Ƙananan kalmomin da ke riƙe awa da rana da wata, irin su “at” da “on” da “in”, ana maƙala su da shuɗin maƙali. Masu haɗa zance biyu, irin su “until” da “since” da “before”, da jan maƙali. Jimlolin kuwa ɗaliban ne suka kawo su daga wuraren aikinsu, ta rubuta a kati ɗaya bayan ɗaya. Ba ta da kwafinsu a ko'ina.

Da babbar malamar makarantar, wadda ake kira Jan Biro saboda ba ta rabuwa da shi, ta hau benen, sai surutu ya mutu. Ta san dalili. Ita ce ta tambaya a gaban kowa ko koyarwa aka zo yi ko shanya. Ita ce ajinta ya zaizaye kamar tsohon sabulu, ɗalibai suna sulalewa zuwa sama. Mai Igiya tana zaune a kan benci idanu jawur, ta ce, “Ina kwana, Anti,” ba ta ɗago ba.

Shugaba ya kira Jan Biro ofis. Ya yi ta kewaye-kewaye, cewa shi ba ya zargin kowa, amma mutane suna magana, kuma in katunan ba su fito kafin baƙi su iso ba, gara ta ɗan huta a gida har ƙura ta lafa. Ta gane nufinsa. Ya fi masa sauƙi ya sallami mutum ɗaya da ya tashi ya yi tambaya ɗaya.

“Yallaɓai, ka leƙa ajin kuwa?”

“Me zan gani? An ce babu.”

Ta fita. Ta yi ta fatan igiyar nan ta tsinke, wannan gaskiya ne. Amma ba za ta bar makarantar da ta tsufa a cikinta da sunan ɓarauniya ba.

Ta koma ajin ta tsaya tana kallo. A kan teburin malami ga gwangwanaye biyu, jajayen maƙalai a ɗaya, shuɗɗa a ɗaya, ko guda bai ɓata hanya ba. Igiyar tana gefe, an naɗe ta dogon naɗi, an ɗaure ta a ƙugu tsaf, kuma katin “now” yana nan maƙale a jikinta. A kan bencin baya, can kusurwa, akwai farar ƙura kamar an barbaɗa gari. Ta shafa da yatsa, ta ɗaga kai, sannan ta sauko da idonta.

Ta fara da mai gadi, ta same shi a bakin ƙofa yana shan iska. Ya rantse shi bai hau sama ba tun da gwiwarsa ta fara ciwo, kuma kowa shaida ne.

“Baba, makullin sama nawa ne?”

“Na Shugaba, da nawa.”

“Naka ya taɓa barin hannunka?”

Ya sosa ƙeya. Ya ce ai ba barin hannu ba ne, a ƙusa yake rataye a ɗakinsa, wanda ke da aiki a sama ya ɗauka ya mayar. Mai shara tana ɗauka. Ɗaliban da ke shirya benci suna ɗauka. Jiya ma bayan an tashi ya ji an ɗauka, amma yana alwala, bai ga ko waye ba.

Mai shara ta ce ita jiya Mai Igiya ta hana ta shiga don kada ta taɓa katunan. Jan Biro ta miƙa mata maƙalai cike da hannu, ja da shuɗi a cakuɗe, ta ce ta taimaka ta adana. Matar ta zuba su duka a gwangwani ɗaya ta koma kan tsintsiyarta. Jan Biro ta cire ta daga lissafi.

Sai Direba, sabon ɗalibin da Mai Igiya ta zaɓa ya yi magana a gaban baƙi. Ya zo da sabuwar riga, fuska duk damuwa. Ya ce tun jiya yake maimaita jimlarsa a mota, “I will wait at the gate until five,” har fasinja suka zaci addu'a yake. Ta tambaye shi ko ya taɓa sauke katunan bayan darasi. Ya ce a'a, ai wannan aikin tsofaffin ɗalibai ne, ko kusa ba sa barin sabo ya taɓa. Ta warware wata igiya ta ce ya naɗe. Ya dunƙule ta a tafin hannu kamar ƙwallo.

Tsofaffin ɗaliban biyu ne suka rage. Ɗaya nas ce, ta kwana a bakin aiki, kuma an kira asibitin an tabbatar. Ɗayan shi ne mai gyaran wuta, wanda ake kira Injiniya. Shi ya kafa ƙusoshin nan a ranar farko. Jan Biro ta aika a kira shi, ta ce fankar ajin sama ta tsaya, ya zo da kayan aiki.

Kafin ya iso ta matsa wa Shugaba har ya hau benen, yana haki yana ƙorafi. Mai Igiya da Direba suna ciki. Injiniya ya shigo da tsani a kafaɗa, ya gaida kowa, ya yi wa Mai Igiya jaje da murya ƙasa-ƙasa. Jan Biro ta ce fankar ta tashi da kanta, amma tun da ya zo, ya taimaka ya naɗe wannan wayar da ke yawo a ƙasa kada baƙi su harɗe. Ya sunkuya ya ɗauka. Daga tafin hannu zuwa gwiwar hannu, daga gwiwar hannu zuwa tafin hannu, ya zagaye ƙugun da ragowar ya soke bakin. Ta karɓa ta ajiye kusa da igiyar. Kamar tagwaye.

“Injiniya, wa ya naɗe igiyar nan?”

“Ni ina zan sani, Malama? Kowa ma yana iya naɗi.”

“Ita mai igiyar a yatsu take naɗewa, ta jefa a jaka. Direba dunƙulewa yake.”

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce masu gyaran wuta sun yi yawa a gari.

Sai ta juya ga Shugaba ta yi masa bayani dalla-dalla. Wanda ya zo ɓarna don ƙiyayya, in ji ta, fizge katuna zai yi, maƙalai su watse a ƙasa, igiya ta sha wuƙa. Wannan kuwa rufe aji ya yi kamar yadda ake rufewa kullum. Ya ware ja daban, shuɗi daban. Ya kwashe komai ya bar kati ɗaya, domin a ajin nan ba a sauke “now”. Kowace yamma Mai Igiya takan ce jiya ta shiga akwati, gobe ta shiga akwati, yanzu ce kaɗai ke kwana a waje. Hannun da ya saba da haka ba ya mantawa, ko da sata ya zo yi. Ɗalibai masu wannan sabon biyu ne, ɗaya ta kwana a bakin aiki a asibiti.

“Kuma mutumin da ya tausaya wa maƙali ba zai ƙona kati ba,” ta ce. Ta nuna ƙurar da ke kan bencin baya, ta nuna murfin silin da ke samansa. “Ga tsani ka zo da shi. Hau.”

Injiniya ya jingina tsanin ya hau, ya sauko da jakar leda a ɗaure, katunan a jere, na jiya a ƙasa, na gobe a sama.

Mai Igiya ta rungume jakar. “Yaya, kai?”

Bai dube ta ba, Direba ya duba. Ya ce tun ajin yana mutum huɗu yake zuwa. Rabin jimlolin nan daga bakinsa suka fito. Shi ya kawo “The light has been off since Monday,” da aka yi mako ana dariyarta. Amma da rediyo ya zo, sai aka ɗauko wanda ya shigo shekaranjiya, don muryarsa ta fi daɗi. Ya ce da baƙin sun tafi zai mayar.

“Da sun tafi,” in ji Jan Biro, “da ni ma na tafi.”

Ya sunkuyar da kai. Abin da ya ba Jan Biro haushi shi ne ta fahimce shi sarai. Zafin da ke cin sa ta san ɗanɗanonsa.

Shugaba ya tafa hannu ya ce to alhamdulillahi, a bar maganar a nan, duk gida ne. Jan Biro ta ce ba za a bar ta ba sai ya faɗa a gaban malamai da ɗalibai cewa ba ita ba ce, kuma makulli ya bar kan ƙusa daga yau. Ya yi gunaguni, ya amince. Mai Igiya ta ce Injiniya ya mayar da katunan da hannunsa, ya zauna a baya yau, sauran magana sai gobe.

Ana cikin ratayewa ta matso kusa da Jan Biro ta rage murya.

“Anti, kin ce kafin yau ƙafarki ba ta taɓa taka ajina ba.”

“Ba ta taɓa ba.”

“To yaya aka yi kika san ba a sauke ‘now’? Har da maganar akwati?”

Jan Biro ta gyara mayafinta. Ba da son ranta ba idonta ya kai ga tagar da ke kallon baranda, inda takan tsaya kowace yamma da sunan shan iska. Mai Igiya ta bi idon, ta gane, ba ta yi dariya ba. Ta janyo kujera ɗaya ta ajiye a cikin ajin, daidai ƙasan tagar.

Da baƙin suka iso, Direba ya miƙe ya faɗi jimlarsa, ya ɗauki jan maƙali ya rataye “until” a inda ya dace. Mutumin rediyo ya yi ta gyaɗa kai yana murmushi. Jan Biro ta ji kishin nan ya sake sukar ta a ƙirji, yana nan yadda yake, bai ragu ba ko kaɗan. Tana zaune a kujerar, ta rufe jan bironta ta jefa a jaka, ta ci gaba da kallon igiyar.