Kwamfutar Baba Ta Sake Ƙamewa

Ranar da mai gyara ya fara shigowa shagon, Auta na zaune ta zabga tagumi, tana kallon ɗan zoben nan da ke juyawa a fuskar kwamfuta. Sai da ya maimaita sallama kafin ta ɗago. Dogo ne siriri, da jakar baya da ta ji jiki, da idanun wanda barci bai ishe shi ba. Nata ma haka suke.

Shagon na mahaifinta ne, na kayan injin ban ruwa. Bara ya rasu, yayyenta duk suna gidajen mazajensu, nauyin ya faɗo kanta. Odar kaya ta imel take zuwa, ga shi manhajar imel ɗin ta koyi sabon hali. Da ta danna saƙo sai komai ya ƙame, ba gaba ba baya, sai ta kashe ta kunna.

Ya tambaye ta tun yaushe take haka.

"Tun da mai ita ya tafi," in ji Auta. "Ina jin ita ma takaba take."

Bai yi dariya ba. Ya yi mata ta'aziyya, ya nemi izini kafin ya zauna a kujerar Baba. Ya kashe ƙananan manhajojin da aka liƙa wa ta imel, ya gwada, ta ƙame. Ya dakatar da manhajar da ke kare ta daga cutar bairos, ya gwada, ta ƙame. Can ya juyo ya ce ashe marigayi bai taɓa goge saƙo ba, akwatin ya cika ya batse, shi ya sa take kasa ɗauka. Ya kwashe tsofaffin ya zuba su a wata ma'ajiya daban, ya nuna mata inda suke. Ya ce ko ɗaya bai ɓata ba.

Washegari ta buɗe, komai na gudu kamar ruwa. Amma akwatin fayau, sai sunayen baƙi. Saƙonnin da Baba ya riƙa turo mata ta imel ɗin shagon da wayarsa daga gadon asibiti duk sun bar gaban idonta. Da su take fara safiyarta. Ta san suna can a ajiye, amma wanda ya yi rashi ya san bambancin ajiye da gani. Ba ta iya tsince su ba, sai ta jawo tsofaffin gaba ɗaya ta mayar. Kafin azahar kwamfuta ta ƙame.

Ta kira shi, ya zo ya gyara. Ta sake mayarwa, ya sake zuwa. Bai taɓa tambayarta komai ba. Yakan dai zauna ya sha shayi, su yi hirar gajiya, ta aiki da ta gida. Ta laƙaba masa Likita. Wata rana da yamma saƙonsa ya shigo wayarta:

"Autar Baba, na duba mara lafiya na tafi, amma na manta zuciyata a kan teburinki. Kada ki share ta da ƙura."

Ta amsa: "Likita, wanda ya kasa warkar da kwamfuta ina zai iya da mutum?"

"Ki gwada ni."

Rabon da ta yi murmushi irin na ranar har ta manta.

Akwai ɗan ƙawar Mama, mai sayar da sababbin kwamfutoci, wanda ya daɗe yana son Auta. Shi ya je ya faɗa wa Mama cewa gyaran nan na wuni ɗaya ne, yaron da gangan yake ɓatawa don ya riƙa samun hanyar zuwa. Saboda haka da Likita ya nemi a ba shi izinin turo magabatansa, Mama ta sa aka kira shi falo. Ta ce wanda zai lalata kayan marayu don ya ga yarinya, ba ta san abin da zai yi ba in ya same ta a hannu.

Auta na bayan labule tana ji. Jira take ya tona ta.

"Gaskiya ne, Mama," ya ce, kansa a ƙasa. "Ban yi gyaran da ya dace ba."

Mama ta ce kada ta ƙara ganin ƙafarsa a shago ko a gida.

Kwanaki suka wuce Auta ba ta faɗa wa Mama gaskiya ba. Kunya ta hana ta. Yaya za ta ce wa uwar da ta haɗiye nata kukan ita har yanzu ba ta haƙura ba? Oda ta taru ba a buɗe ba. Ɗan ƙawar Mama ya zo ya ce zai goge komai tas ya saka sabuwar manhaja, ta ce ya bari tukuna. Daga Likita kuwa saƙo ɗaya ne ya zo:

"Kada ki takura kanki, Autar Baba. Ina nan."

Da safe ta roƙi Mama ta raka ta shago. Ta zaunar da ita, ta faɗa mata komai, cewa ita ce take warware gyaran da hannunta. Sannan ta danna saƙon Baba, suka jira zoben ya gaji da juyawa. Da ƙyar ya buɗe. Mama ba ta karatun boko, Auta ta karanta mata:

"Auta, ki buɗe shago da wuri. Ki ce wa Mamanki na ga inda ta ɓoye gishirin da aka hana ni ci."

Mama ta yi dariya, dariyar ta koma kuka. Suka daɗe a haka, ba wanda ya rarrashi wani. Da ta share fuska ta ce, "Kira mini yaron nan."

Ya zo. Ya tsince saƙonnin Baba kaɗai ya yi musu ɗan akwati a sama, inda ido zai fara sauka, sauran ya mayar ma'ajiya. Kwamfuta ta saki jiki. Mama ta tambaye shi me ya hana shi yin haka tun farko. Ya ce tun zuwansa na biyu ya gane, amma in ya yi, ya nuna wa Auta ke nan ya san sirrinta, shi kuwa jira yake ta faɗa da bakinta.

"Kai da ita duk kun gajiyar da ni," in ji Mama. "Ka turo manyanka."

Ba a yi wani taro mai yawa ba, gidan bai gama fita daga makoki ba. Da za a tafi da amarya, Mama ta kama hannun Auta ta riƙe, ta dubi ango da ke durƙushe a gabanta.

"Ka rufa mata asiri tun ba ta zama taka ba," ta ce. "Allah ya rufa naka, ya ba ku zaman lafiya, ya ji ƙan wanda bai ga wannan rana ba."

Duk ɗakin aka ce amin.