Tocilar da Ba ta Mutu Ba

Rana ta ɗan ɗaga lokacin da aka bugo wa Sufeto Ilyasu waya, aka ce an tsinci gawa a garken shanu da ke bakin kogin Binuwai, bayan mayankar Garwa. Tun kafin a faɗi suna ya tabbata wanda ya sani ne. A unguwar ya tashi, marigayi mahaifinsa mahauci ne, babu garken da bai san mai shi ba.

Alhaji Ishaku ne, dillalin shanu, mutum mai faɗa da gaskiya har ta yi masa yawa. Yana kwance rub da ciki kusa da shinge, an fasa masa ƙeya. Tocilarsa na gefen hannunsa, doguwa baƙa, tana ci tar da ita duk da hasken rana.

"Kada ka kashe ta tukuna," in ji Sufeto, ganin abokin aikinsa Gaston ya sunkuya. "Dubi ƙarfinta."

"Tocila ce kawai, Shef."

"Na sani. Ka dai tuna yadda muka same ta."

Can bayan garken akwai rami da aka fara haƙawa, ga wata saniya kwance a bakinsa. Makiyayan suka ce jiya da la'asar ta faɗi ta mutu, Alhaji ya ce a binne ta da safe. Sufeto ya daɗe a kanta. An yanke mata wuya, an juya ta ta fuskanci gabas, an fara feɗe cinya ɗaya da hannun gwani. Amma ƙasar da ke ƙarƙashin wuyan a bushe take, ko ɗigon jini babu. 

Shaida bai yi wuyar samu ba, shi ya kawo kansa. Wada mahauci ne, aminin mamacin tun suna samari, kuma abokin mahaifin Sufeto. Idonsa ya yi ja don kuka.

"Baba Wada, me ka gani?"

"Ilyasu, da ban gani ba ya fi mini. Bayan lisha na fito daga mayanka, na tsaya can gindin tsamiyar nan. Na ji hayaniya, na haska. Dawuda na gani da sanda, yana tsaye kan kawunsa."

Sufeto ya dubi tsamiyar. Tana can nesa, bayan fili mai faɗi.

"Fuskarsa ka gani?"

"Kamar yadda nake ganin taka."

"Me ya hana ka zuwa?"

"Na ɗauka faɗan gida ne. Ai kowa ya ji su tun la'asar, Alhaji na cewa sakacin yaron ne ya kashe saniyar."

"Da wace fitila ka haska?"

Wada ya zaro ta daga aljihu, irin wadda ake ɗaurawa a goshi, igiyarta ta yi baƙi da kitse. Sufeto ya juya ta, ya mayar masa, ya yi masa ta'aziyya.

Kafin azahar an kamo Dawuda a garin Figil, inda ake ɗora siminti. Ɗan yayar mamacin ne, magidanci mai 'ya'ya biyu, shi ke kula da garken. Da farko ya rantse bai je wurin da dare ba. Da aka ce an gan shi, sai ya sauya magana.

"Na je, ranka ya daɗe. Na je ba shi haƙuri bayan lisha, ya ƙara zagina, na yi fushi na hau motar siminti na tafi. Wallahi da ransa na bar shi, yana zaune kan tabarma, ko fitila bai kunna ba."

"To me ya sa ka yi ƙarya?"

"Tsoro. Na san yadda ake yi da mutum yanzu."

Gaskiya ya faɗa. Shekarun nan na zargina ne, 'yan fashin daji masu sace makiyaya, kuma duk wanda aka ce yana musu leƙen asiri ba a tsayawa sauraronsa. Tuni gari ya ɗauka cewa Dawuda ɗan aikensu ne. Komiser, shugaban ofishinsu, ya kira Sufeto ya gaya masa a taƙaice: akwai shaida, akwai gudu, akwai ƙarya, jibi da safe za a miƙa yaron ga masu farautar zargina. Wanda aka miƙa da wannan suna, uwarsa ba ta cika sake ganinsa ba.

Uwar Dawuda tana nan. Kaltumi sunanta, yayar mamacin, tsohuwa doguwa. An binne ƙanenta da la'asar, daga wurin zaman makoki ta taso ta zauna a ƙofar komisariya, ofishin 'yan sanda. Ba ta roƙi kowa ba. Duk sanda Sufeto ya fito sai ta ɗaga kai ta dube shi, wannan kallo kuwa ya fi masa kuka nauyi.

Direban motar siminti ya tabbatar tun farkon dare Dawuda ke tare da shi har Figil. Amma wannan bai wanke shi ba, tunda Wada ya ce kafin tafiyar aka yi kisan. Likita kuma ya ce zafin garin nan ya rikita masa lissafi, ba zai iya yanke lokaci ba. Saura tocila.

Washegari da safe Sufeto ya shiga babbar kasuwa, rumfar Hajiya Salamatu. Tun da ɗauke wuta ya zama ruwan dare a Garwa, rabin fitilun gari daga hannunta suke fita. Ya ɗora tocilar Alhaji a kan tebur.

"Allah ya ji ƙansa, ni na sayar masa," ta ce. "Mai ido ɗaya ke nan. Ƙwan LED ɗaya ne babba a cikin zurfin madubi, haskenta fari fat, siriri, yana kai wa har tsallaken kogi. Masu garke ita suke so saboda ɓarayi."

"Caji fa?"

"Nan ne aibinta. Tana cin batir kamar an aiko ta. In ka bar ta a babban haske, ɗan jimawa za ta yi zafi ta rage da kanta, daga nan ta yi ja ta mutu. Abin da aka rubuta a kwali kada ka kula shi, su ma masu rubutawar ba su yarda da shi ba."

"Ta goshi, wadda mahauta ke ɗaurawa?"

Ta ciro ɗaya. "Wannan mai faranti ce, ƙananan ƙwai ne aka shimfiɗa wuri guda, babu madubi. Haskenta ruwan ɗorawa, yana bajewa, ya cika maka gabanka. Mahauta na son ta don hannu biyu suke aiki, kuma ba ta ɓata launin nama, farar kuwa sai ta mayar da shi kamar ya kwana. Tana daɗewa, amma ba ta da nisa. Ga kuma tsohuwar yayi mai idanu da yawa, haske kaɗan, sai dai ta yi maka kwana da kwanaki."

Ya sayi ukun sababbi, ya sa aka cika su da caji. Bayan azahar ya jera su a kan teburinsa, har da ta Alhaji wadda ita ma aka cika, ya kunna su duka. Gaston ya shigo ya tarar da shi zaune yana kallon fitilu huɗu da rana tsaka.

Sai gab da la'asar masu ido ɗayan suka rage ƙarfi. Bayan la'asar suka yi ja. Kafin a kira magariba duka biyun sun mutu, ta goshi na nan da sauranta, tsohuwar yayi kuwa ko gezau.

"Ka tuna yadda muka sami ta Alhaji?" in ji Sufeto.

Gaston ya ce, "Tana ci da ƙarfi, Shef. Da tun lisha aka kunna ta, da ta mutu kafin tsakar dare."

"Da asuba aka kunna ta. Lokacin Dawuda na Figil."

Bai ji daɗin gano hakan ba. Ya san wanda ke fita da asuba da wuƙa a unguwar, ya kuma san hannun da ya feɗe cinyar nan. A kafaɗar mutumin ya sha hawa yana yaro.

Da sassafe, kafin motar da za ta ɗauki Dawuda ta iso, ya roƙi Komiser ya ba shi ɗan lokaci. Akwai wani tsohon siton auduga kusa da komisariya, dogo, ba taga, in an rufe ƙofa ko tafin hannunka ba ka gani. Nan ya sa aka kawo Wada.

"Baba, ƙa'ida ce kawai. Tsawon siton nan bai kai daga tsamiya zuwa garke ba. Na tsayar da mutum a can ƙarshe. Ka ɗaura fitilarka ka gaya mana ko shi ne ka gani."

Aka ja ƙofa. Wada ya kunna. Haske ruwan ɗorawa ya baje a gabansa, ya nuna ƙasa da tsofaffin buhuna, daga nan duhu ya haɗiye shi. Can nesa akwai wani abu tsaye, dogo, kamar inuwa.

"Shi ne," in ji Wada. "Dawuda ne."

"Ka tabbata?"

"Ko a kabari na san shi."

Sufeto ya ɗaga tocilar Alhaji ya danna. Farin haske ya tsaga siton ya sauka kan fuskar Kaltumi. Ta runtse ido, sannan ta tako a hankali har ta shigo cikin hasken Wada, ta tsaya gabansa.

"Wada," ta ce, "a kwano ɗaya kuka ci tuwona kai da Ishaku. Ɗaya ka ɗauke mini, kana neman ka haɗa da na biyu?"

Gaston ya buɗe ƙofa. Wada bai kashe fitilar goshinsa ba, ya manta da ita.

"Baba," in ji Sufeto, muryarsa ƙasa ƙasa, "mace da namiji ma fitilarka ba ta raba maka ba. Ta Alhaji kuma da asuba aka kunna ta. Saura saniya. Ɓarawo ba ya juya mushe gabas. Wanda ya yanka ta yana so kanta ya nuna alamar yanka in an kai mayanka, hannunsa kuma ya yi abin da ya saba. Sai dai jini bai zuba ba. Babana ya koya mini wannan, kai ma kana wurin."

Wada ya zame ya zauna kan wani buhu. 

"Saniya ce mai ƙiba, Ilyasu," ya ce. "Shanu sun yi wuya, daji ya rufe, mako guda ban rataya nama ba. Na ce kafin a binne ta in cire abin da zan cira. Ina cikin aiki sai haske ya dalle ni daga nesa. Ishaku ne, ya dawo daga masallaci. Ya ce, 'Wada, mushe? Mushe za ka ciyar da Musulmi?' Na kama ƙafarsa. Ya ce wallahi kafin hantsi Sarkin Pawa zai ji. Ka san abin da ake yi wa mahaucin da aka kama da mushe. Ba ni kaɗai ba, har jikokina ba wanda zai sake sayen ko tsire a hannunsu. Ya juya zai tafi. Gatarin saran ƙashi na hannuna."

"Dawuda fa? Me ya yi maka?"

"Ba komai. Sunansa ne ya fi kusa."

Kaltumi ta ja mayafinta ta rufe fuska. Sufeto ya ji tausayinta, ya ji haushin tsohon, ya kuma ji wata kunya da bai san ta wace ce ba. Akwai tambaya guda da ba ta cikin aikinsa, amma ta ƙi barinsa. Tun da ya yi aure, matarsa Aisatu a teburin Baba Wada take sayen nama.

"Wannan ne karo na farko?"

Wada ya sunkuyar da kai.

Gaston ya sa masa ankwa, ya cire masa fitilar daga goshi ya kashe. A bakin ƙofa tsohon ya tsaya.

"Ilyasu, don darajar babanka, in za a kai ni kada a bi da ni ta gaban mayanka."

"Ba za a bi ba," in ji Sufeto. "Amma za su ji, Baba."

Motar da aka kawo don Dawuda ita ta tafi da Wada. Da hantsi aka buɗe wa Dawuda ƙofa, ya fito yana kare ido da hannu. Uwarsa ba ta rungume shi ba, ta dai kama hannun rigarsa ta riƙe gam. Sufeto ya ce musu tocilar za ta zauna a komisariya sai an gama shari'a, daga nan a mayar wa iyali.

Dawuda ya gyaɗa kai. Ya dubi uwarsa, hawaye na zubo masa.

"Inna, da fushi muka rabu. Ki nuna mini inda aka sa Kawu."