Ɓeraye Talatin da Farin Ido

Ranar Laraba da safe, ma'aikaciyar da kowa a ɗakin binciken yake kira Uwar Ɓeraye ta ɗago kejin farko zuwa haske. Ɓeran da ke ciki ya kalle ta da ido ɗaya baƙi, ɗayan kuwa fari fat kamar an ɗiga masa madara. Ta jawo keji na biyu, ta jawo na uku, tana salati. Cikin ɓeraye arba'in, talatin farar yana ta rufe musu idon dama, idon da ake yi wa allurar maganin gwaji.

Shekara tara tana wannan aiki. Za ta sa ɓera barci, ta kwantar da shi ƙarƙashin madubi mai ƙara girma, ta sa masa magani cikin ido da allurar da ba ta kai kaurin gashi ba. Maganin na wata cuta ne da ke cinye ganin yara tun suna ƙanana, kuma shekara biyu aka yi kafin a haɗa 'yar kwalba guda.

Farfesa, shugaban ɗakin, bai ko zauna ba. Ya buɗe littafin aiki ya turo mata.

"Juma'a, ɓera arba'in, ga sunanki. Gaggawar me kike yi har kika tsokane musu ido?"

"Ranka ya daɗe, goma kawai na yi. Aka kira ni babana ya faɗi a banɗaki, na mayar da kwalbar firji na fita."

"Da izinin wa?"

Ta sunkuyar da kai. Ba ta nemi izini ba, ba ta kuma faɗa masa daga baya ba.

"Kwamiti zai zauna ƙarfe huɗu," in ji shi. "Ki fara haɗa kayanki."

Wadda aka kora a kan ta makantar da dabbobi ta kuma yi ƙarya, babu ɗakin binciken da zai sake ɗaukarta ko da wankin kwalabe ne. Ga tsoho kwance a gida da karayar ƙugu, ba shi da kowa sai ita. Ta shiga banɗaki ta yi kuka mai isarta, ta wanke fuska, ta duba agogo. Ƙarfe tara da rabi.

Ban da ita da Farfesa, mutum uku ke da makullin ɗakin ɓerayen. Ta fara da Baba Mai Keji, dattijon da ke ba su abinci da ruwa. Ta same shi yana wanke kwanoni.

"Baba, wa ka gaya wa na fita ranar Juma'a?"

"Kowa, 'yata. Na ce a sa tsohonki a addu'a. Laifi na yi?"

"Bayan na tafi wa ya shiga?"

"Ni sha biyu na tashi. Ko ni kike zargi?" Ya miƙo mata hannayensa, suna rawa kamar kullum. "Wannan hannun ko zare ba ya sa wa allura. In na nufi idon ɓera, ai kunnensa zan huda."

Na biyu ita ce Amarya, ɗalibar Farfesa, wadda ta haihu har biyu amma sunan ya ƙi barinta. Uwar Ɓeraye ce ta koya mata allura da hannunta.

"Yaya, wallahi ba ni ba ce. Ina aji har ƙarfe uku, ɗalibai sittin shaida ne."

"Zo ki taya ni dubawa."

Suka sa ɓerayen barci ɗaya bayan ɗaya. Uwar Ɓeraye ta kafa ido a madubi har wuyanta ya ƙage. Wajen na goma sha biyu ta ɗago, ta matsa wa Amarya ta duba.

"Me kika gani?"

"Tabon allura, Yaya."

"A ina?"

"Wuri ɗaya duka. Kuma duk allurar ta miƙe zuwa tsakiya."

Nan ne abin ya tsaya mata a rai. Mai gaggawa yakan ɓata uku ya gyara biyar. Sabon hannu kuma warwatse yake hudawa, yau sama gobe ƙasa, ta sha ganin haka a hannun Amarya. Wannan kuwa hannu ne natsattse, ya yi kuskure iri ɗaya sau talatin ba tare da ya kauce ba. Gwani ne, sai dai gwanintarsa ba a kan ɓera ya same ta ba.

Ta ce Amarya ta kashe fitila ta kunna shuɗin haske. Ana gauraya maganin da wani rini da ke sheƙi a ƙarƙashinsa har tsawon mako. Idanun goman da ta yi da kanta suka yi kore shar. Talatin ɗin ba ko ɗigo. Ta buɗe firji, ga kwalbar maganin babu komai ciki, ga kuma kwalbar ruwan gishiri an buɗe sabuwa.

"To ina maganin ya tafi?" in ji Amarya.

Uwar Ɓeraye ta rufe firjin. Ƙarfe uku ya wuce lokacin da ta ƙwanƙwasa ƙofar mutum na uku. Likita ne na idon mutane, yana zuwa daga asibiti sau biyu a mako ya karanta musu hotunan idon ɓerayen. Mutum ne mai kirki, shi ya fara zuwa gaishe da babanta ranar Lahadi, abin da ya sa ƙafarta ta yi nauyi.

"Malama, na ji abin da ya faru. Zan sa baki wurin Farfesa."

"Na gode. Tambaya na zo yi, Likita. In za ka yi wa mutum allura cikin ido, ina kake nufa da bakinta?"

"Tsakiyar ido mana. Ko ɗan koyo ya san wannan."

"A idon mutum kenan. Gilashin da ke cikin idonmu ƙarami ne, yana can gaba, allura ta wuce bayansa lafiya. Na ɓera kuwa ya kusan cike idon duka. Dole ka kwantar da allurar ka bi gefe, in ka miƙe tsakiya ka soke shi, kwana kaɗan sai farar yana ta fito. Duk wanda na koya wa aiki, wannan nake fara gaya masa. A ginin nan mutum ɗaya ne hannunsa ya ƙware haka, bai kuma taɓa zama na koya masa ba."

Likita ya sha jinin jikinsa. Ya cire tabarau ya ajiye, ya sake ɗauka.

"Ruwan gishiri ka sa musu," ta ci gaba, "don a ga tabon allura a ɗauka maganin ya shiga. Ka rubuta sunana don kwalbar da ta ƙare kada ta ta da tambaya. Rabon ɓera talatin ɗigo ɗaya ne, bai isa a sayar ba. Amma ya isa idon mutum ɗaya. Wa ka yi wa?"

Da ya buɗe baki, muryar ba tasa ba ce.

"'Yata. Shekararta bakwai. Bara tana karatu, bana da hannu take neman fuskata. Kun ce sai nan da shekara biyar a gwada wa mutane. Ba ta da shekara biyar, Malama, ko ɗaya ba ta da ita."

"Ka riga ka yi mata?"

"Ranar Asabar."

"Innalillahi." Ta dafa tebur. Ta zo da fushi cike da ƙirji, yanzu ta neme shi ta rasa, sai tausayi da tsoro.

"Ban yi nufin a shafa miki kashin kaji ba," in ji shi. "Na ɗauka ɓerayen za su tashi lafiya, ba wanda zai sani. Ki rufa min asiri wata ɗaya kawai, don girman Allah. In suka karɓe takardar aikina ta likita, wa zai duba ta?"

"In na rufa maka, ni za a kora yau. Kuma yarinyar nan tana ɗauke da abin da ba a san aikinsa ba, dole likitocin da ba mahaifinta ba su gan ta yau ɗin nan. Saura minti ashirin. Ko ka shiga ka faɗa da bakinka, ko in shiga da ɓerayen."

Da bakinsa ya faɗa. Farfesa ya yage takardar korar a gaban kwamiti, ya ba ta haƙuri yana kallon ƙasa, aka kira hukuma, aka tura mota ta ɗauko yarinyar zuwa asibiti. An wanke Uwar Ɓeraye tas daga zargi, amma ko kaɗan ba ta ji daɗi ba.

Za a fita da Likita kenan ya tsaya gabanta, idanunsa jawur.

"Malama, ke kika fi kowa sanin maganin nan. Ki gaya min gaskiya. Zai yi mata aiki, ko na ƙarasa mata idon?"

Ta so ta yi masa ƙarya mai daɗi, bakinta ya ƙi.

"Ba mu sani ba, Likita. Goma ba su isa a gane komai ba. Da talatin ɗin nan da ka makantar sun sami maganin, da su ne za su gaya mana."