Rawar Hannun Dogo

Ranar da suka fara haɗuwa faɗa suka yi. Ya faɗo ɗakin tace fim ko sallama babu, wani ɗan ɗaki a bayan shagon gyaran waya, fanka ɗaya da kwamfuta biyu. Shi ne mai ɗaukar hoto a fim ɗin da matasa shida suka haɗa kai suna yi ba tare da kamfani ba, kowa Dogo yake ce masa. Ita kuma sabuwar mai tacewa ce, kwananta huɗu da fara aiki.

"Minti biyu na ɗauka, kin mayar min da shi daƙiƙa tara," ya ce.

Ko ɗago kai ba ta yi ba. "Taran ne masu kyau. Sauran kai kaɗai kake son su."

Ya buɗe baki zai yi masifa, ta kunna masa ya gani. Ya kalla sau biyu, ya ja kujera ya zauna. Daga ranar ya raɗa mata Almakashi, sunan kuma ya bi ta.

Ba a yi wata biyu ba saƙonninsa suka fara zuwa kafin hotunan su iso.

"Almakashina, yau gajimare na ɗauko miki. Ki ji tausayinsa, ki bar min ko rabi."

"Sai na gani. Ka ci abinci kuwa, ko kyamarar ce ta ci maka?"

Da maganar aurensu ta kai gidan su Almakashi, Baba ya girgiza kai. Mai walda ne, shekara talatin yana ƙera ƙofofi da tagogi, a wurinsa sana'a ita ce wadda za ka taɓa da hannu. Ya ce ita ma haƙuri kawai yake yi da nata aikin, bare ya haɗa biyu a gida ɗaya. Ga ɗan amininsa ma'aikacin banki yana ta zarya. Ba zai tilasta mata ba, amma Dogo kam bai amince ba.

Ana cikin haka ta fara ganin wani abu a aikin Dogo. Hoton da a da yake tsayawa cak, yanzu yana ɗan karkarwa. Ta gyara a kwamfuta, ba ta gaya wa kowa ba. Mako ya zagayo, karkarwar ta ƙaru, ta sake gyarawa.

Shi kuma ya fara janye jiki. Ya daina leƙowa ɗakin tacewa. Sau biyu tana hango shi a motar jarumar fim ɗin, suna fita tun da safe. Ta daure har ta gaji, ta rubuta masa:

"Idan ka canja ra'ayi ka faɗa min da bakinka. Ba zan riƙe ka ba."

Sai washegari ya amsa: "Ki yafe min."

Ta yi kuka mai isarta a banɗakin shagon, ta wanke fuska, ta tare jarumar a bakin titi. Matar ta dube ta da tausayi, ta ce asibiti take kai shi, don ya daina iya tuƙa babur, shi ne kuma ya roƙe ta ta rufa masa asiri.

Ta same shi a ɗakinsa da rana tsaka, kyamara a kan gado, ya danne hannun dama a ƙarƙashin cinya. Ya gaya mata abin da likita ya ce: ciwon jijiya ne, magani zai rage masa gudu, amma ba zai kore shi ba.

"Ki auri na bankin," ya ce, idonsa a ƙasa. "Abu ɗaya na iya a duniya, shi ma ga shi yana zamewa."

"Wata huɗu ina gyara rawar hannunka, Dogona. Ka zaci ban sani ba?"

Ya ɗago ya kalle ta. Haka suka zauna, hannun yana ta motsi, babu mai iya tsayar da shi.

Sauran fim ɗin wani ne ya riƙe kyamara, Dogo na tsaye a bayansa yana faɗa masa inda zai juya. Suka tura fim ɗin gasa goma sha ɗaya, goma suka ƙi. Ɗayar, a wata ƙasa mai nisa, ta karɓa, amma aka hana su biza. A ɗakin tacewa su shida suka cunkushe suna kallon bikin ba da kyaututtukan a waya. Daidai lokacin da aka zo kyautar ɗaukar hoto, intanet ta ɗauke. Bayan minti ashirin saƙo ya shigo cewa Dogo ne ya ci. Kowa ya yi tsalle, shi ya sunkuyar da kai, don ya san ba zai sake ɗaukar irinsa ba.

A ranar ta gaya wa Baba komai, har da maganar likita. Ta ce ba za ta yi aure ba da yardarsa ba, amma ba za ta iya son wani ba. Bayan kwana uku ya sa ta kira Dogo shagonsa na walda.

Bai yi masa wata doguwar magana ba. Ya ɗauko abin awo ya gwada kafaɗunsa da ƙirjinsa. Mako guda ya yi yana ƙera masa wani ƙarfe da zai ɗauke wa hannu nauyin kyamara. Aka gwada, hoton ya yi rawa. Ya sare ya sake, ya ƙara roba, ya rage tsawo. Sau uku, hoton bai tsaya ba.

Baba ya cire tabarau, ya zauna a kan benci, ya daɗe yana kallon ƙarfen.

"Na yi iya yina, ɗana," ya ce. "Wannan ya fi ƙarfina."

"Na gode, Baba. Ba ni da alkawarin da zan yi maka. Ban san yadda zan kasance nan da shekara biyar ba."

"Ni ma ban san nawa ba." Ya share gumi da gefen riga. "Ta ce kai take so, ko da hannu ko babu. Ka turo manyanka."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure, taro ɗan kaɗan, 'yan'uwa da abokan aiki. Da safe saƙonsa ya zo da murya, don rubutu ya fara yi masa wuya: "Amaryata, tsoro nake ji. Amma ina zuwa."

Da za su tafi, Baba ya rako su har bakin mota. Ya sa musu albarka, ya roƙi Allah ya ba su haƙurin juna da zuri'a ta gari, ya juya da sauri ya koma ciki.

Motar ta tashi. Ta kamo hannun Dogo ta riƙe da nata biyu. Bai daina rawa ba, ita ma ba ta saki ba har suka isa gida.