Albarkar da Ilu Ya Goge

Na'urar ta fara aiki da hantsin ranar Laraba, ana gobe addu'ar arba'in ɗin Baba Haladu Tsakuwa. Da farko ɗan huci ta yi, irin na tukunyar da aka ɗaga wa murfi. Sai haske ya taru a tsakiyar dandamali, ya yi kauri, ya zama ƙafafu, ya zama babbar riga mai ruwan ƙasa, ya zama furfura. Kafin a ƙifta ido ga Baba Haladu zaune a kujera yana gyara hula, kamar ba shi aka kai makabarta ba.

Malam Ilu Mai-Almakashi ya ja da baya har ya taka ƙafar wani ma'aikaci. Shekara arba'in da ɗaya yana tace finafinan mutumin nan, yana yankewa yana haɗawa. Ya san fuskarsa fiye da tasa, domin tasa sai ya je aski yake ganinta.

"Matso mana, Baba Ilu, ba ya cizo," in ji Injiniya Ladidi, wadda ta jagoranci haɗa na'urar. "Gaishe shi ka gani."

Ilu ya matsa. "Baba, an tashi lafiya?"

Hoton ya juyo, ya ƙare masa kallo sama da ƙasa. "Kai kuma ɗan gidan wane ne, da kai kamar an kife ƙwarya?"

Ma'aikata suka fashe da dariya. Ilu ya shafa sanƙonsa, ya yi yaƙe. Murya ta Baba ce, har da ɗan ƙaiƙayin maƙogwaron nan da goro ya bar masa. Amma Baba bai san shi ba. Sai daga baya Ilu ya gane dalili: shi bai taɓa fitowa a fim ba, kullum yana bayan allo. Ya kuma lura da wani abu. Tattabarun da ke kwana a rufin zauren duk sun koma kusurwa guda, sun bar saitin dandamalin fayau.

A wancan zamani Kano ta zama birni mai hawa uku. Tsohon gari yana ƙasa, an rufe shi da gilashi saboda zafi. Motocin igiya suna ta kaiwa da komowa a sama tsakanin Dala da Gwauron Dutse, kamar jemagu a jere. Kowane bango allo ne, kowace tasha tana magana. A hawa na uku kamfanin Inuwa Mai Rai ya gina Zauren Tunawa, ya girke na'urar da suka raɗa wa suna Tada-Inuwa.

Yadda take aiki ba ɓoyayye ba ne. Ana ɗura mata duk abin da mutum ya taɓa yi a gaban kyamara. Ta haɗiye, ta auna, ta koyi yadda yake ɗaga gira, da abin da yake faɗa idan an gaishe shi, da abin da yake faɗa idan an ɓata masa rai. Tana da ido da kunne. Idan ka tsaya gabanta sai ta duba ka, ta lalubo a cikin abin da ta haɗiya yadda mamacin ya saba yi wa mai irin tsayuwarka, ta yi maka haka.

"Finafinai ɗari tara da goma sha biyu muka ba ta, ban da wasannin talabijin," in ji Ladidi. "Ko kalma ɗaya ba mu ƙara masa ba. Idan kuma ana so ya tsaya, sai a ce kat, yadda daraktocinku suke cewa idan fitowa ta ƙare. Don girmama ku 'yan fim muka sa haka."

"Waɗanda aka tace kuka ba ta?"

"To waɗanne kuma? Ai aikin hannunka ne, Baba Ilu. Ko kana shakkar almakashinka?"

Ilu ya nemi kujera ya zauna.

Duk ƙasar nan an san Baba Haladu da fitowa a uba, kuma uba mai taurin zuciya. Ɗa ya yi laifi, ya zo ya durƙusa, Baba ya nuna shi da yatsa ya yi masa baki. Daraktoci sun gano 'yan kallo na son wannan, sai suka ɗaure shi a kai shekara sittin. Idan labari ya zo wurin yafiya, uwa ake ba. Duk da haka mutane suna ƙaunarsa, saboda barkwancinsa, kuma saboda duk wanda ya gamu da shi a kasuwa ya san mutumin laushi ne kamar auduga.

Abin da 'yan kallo ba su sani ba shi ne al'adarsa a lokeshan, wato wurin ɗaukar fim. Baba yana tsoron bakin uba, ko da na wasa ne. Da zarar darakta ya ce kat, kafin a kashe kyamara, sai ya sauke yatsa, ya dafa kan wanda ya tsine wa, ya ce, "Wasa ne, ɗana. Allah ya yi maka albarka." Bai taɓa tsallake ko sau ɗaya ba. An taɓa yin ranar da ruwa ya tarwatsa lokeshan, sai da ya bi wani ɗan wasa har cikin mota yana jiƙe sharkaf, ya sa masa albarka sannan ya yarda aka tafi. Kuma shi da kansa ya kafa wa Ilu doka. "Wannan ba na 'yan kallo ba ne. Tsakanina da Ubangijina ne. Ka yanke, ka goge."

Ilu ya yanke, ya goge, sau dubbai.

Akwai guda ɗaya da ta tsaya masa a rai. Baba yana da ɗa tilo, Sagiru, wanda ya bar gida shekara goma sha tara da suka wuce, bayan ya gaya wa mahaifinsa a gaban mutane cewa kunyarsa yake ji, tsoho da shi yana tsalle a allo. Ya tafi aiki gonakin hasken rana da ke samar da lantarki can cikin sahara, ya yanke waya. A fim ɗin ƙarshe, Baba yana fama da jiki, da aka ce kat sai ya dafa kan ɗan wasan ya daɗe bai ɗaga hannu ba. Ya ce, "Sagiru, na yafe maka duniya da lahira. Allah ya yi maka albarka." Ɗan wasan ba sunansa Sagiru ba. Hayaniya ta hana kowa ji, sai Ilu da ya zo tacewa da abin saurare a kunne. Ya maimaita wurin sau uku, ya share hawaye, sannan hannunsa ya yi abin da ya saba.

"'Yar nan," in ji Ilu, "ku yi wa Allah kada ku bar kowa ya durƙusa a gaban abin nan."

"Durƙuso kuma? Mutane za su zo su yi dariya su ɗauki hoto ne."

"Rabin mutumin kuka tayar. Ɗaya rabin ni na zubar da shi."

Ya yi mata bayani. Ta saurara har ƙarshe, ta daina murmushi, ta ɗan daddanna allon hannunta. "Zan sa a rubuta sanarwa a ƙofa. Amma gobe da azahar za a haɗa shi da allunan birni duka, har na cikin gidaje. Manya sun riga sun sa hannu, ba ni da ikon tsayar da shi. Ba ka da ko guntu ɗaya da ka ajiye?"

"Amana ya ba ni."

"Kai ma dai, Baba Ilu. Mutum ya riƙe amana har ta zama matsala."

Washegari zauren ya cika tun da safe. An yi addu'a, an raba waina da dabino. Wani limami ya tashi ya fita da aka kunna na'urar, yana cewa shi bai zo gaisawa da matattu ba. Sauran jama'a suka yi layi. Sanarwar tana manne a ƙofa, amma bayan mutane ya rufe ta.

Wata tsohuwa ta ce, "Baba, mun yi kewarka." Ya ce, "Kewa ba ta cika ciki, ina tuwon?" Zaure ya ɗauki shewa. Wani direban motar igiya ya nemi shawarar aure, aka ce masa ya fara wanke rigarsa. Har Ilu sai da ya murmusa, ya fara tunanin ko tsoronsa na tsufa ne kawai.

Sai ya hango shi. Mutum ne dogo, rana ta ƙona shi, furfura ta fara fito masa a gefen kunne, yana riƙe da hula a hannu. Tafiyar ce ta tona shi, kafaɗar hagu a ɗan karkace, irin ta Baba sak. An ce ya iso garin kwana biyu bayan jana'iza, ya tsaya a kan kabari, ya koma bai yi wa kowa magana ba. Ilu ya neme shi har ya gaji. Ga shi yanzu, saura mutum biyu a gabansa.

"Sagiru!" Ilu ya ƙwala kira. Dariyar jama'a ta haɗiye muryarsa. Ya kutsa, ana ture shi. "Tsoho, bi layi mana! Kowa ma masoyinsa ne." Wata mata ta riƙe masa riga, hularsa ta faɗi, bai tsaya ɗauka ba.

Sagiru ya hau dandamali. Ya cire takalmi. Ya durƙusa, ya sunkuyar da kai.

"Baba, ni ne. Na san na makara. Ka yafe mini."

Na'urar ta yi ɗan hucin nan nata. Fara'ar da ke fuskar hoton ta janye a hankali, kamar ruwa a cikin yashi. Ilu ya san wannan fuska. Ya san girar da za ta fara ɗagawa, ya san daƙiƙa nawa za a yi kafin yatsa ya miƙe, domin shi ya auna su da hannunsa.

"Yanzu ka san kana da uba?" in ji muryar Baba Haladu. "Tashi ka ba ni wuri. Na sallama wa duniya kai. Ko gawata ban yarda ka tsaya a kanta ba."

Daga baya-baya wasu suka fara tafi. "Wallahi shi ne! Haka yake yi!" Wani ma yana tayawa, yana faɗin kalmomin tare da hoton, don ya haddace su tun yana yaro.

"Kat!" Ilu ya yi ihu da duk ƙarfinsa. "Kat!"

Hoton ya tsaya cak. Ilu ma ya tsaya, yana haki, yana jira. Shekara arba'in da ɗaya sun koya wa jikinsa abin da ke biyo bayan wannan kalma: yatsa zai sauka, kafaɗa ta saki, hannu ya nemi kan yaro. Ya san babu, amma ya jira. Yatsan yana nan a miƙe, saitin goshin Sagiru, baki a ɗan buɗe. Daidai inda almakashin Ilu ya saba sauka.

Sagiru ya tashi, ya sa takalminsa ba gaggawa, ya ratsa jama'a ya fita.

Ilu ya cim masa a tashar motar igiya, yana numfashi da ƙyar. Ya kama hannunsa ya zayyane masa komai: al'adar lokeshan, ranar ruwan sama, fim ɗin ƙarshe, da sunan da Baba ya kira.

"Da kunnena na ji, Sagiru. Sau uku na maimaita. Na rantse da wanda raina ke hannunsa."

Sagiru ya dube shi, idonsa jawur amma a bushe. "Ina hoton yake, Kawu?"

"Na goge."

"Wani ya ji ban da kai?"

"Babu."

"Allah ya saka maka da alheri. Tun ina ƙarami kake rufa mini asiri idan na yi ɓarna, na san halinka." Ya zare hannunsa a hankali. "Na san inji ne, ni ma da inji nake aiki. Amma sun ce ba su ƙara masa ko kalma ɗaya ba. Kai labari ka ba ni, Kawu. Shi kuwa da muryarsa ya gaya mini."

Ƙofar motar ta rufe. Ilu ya bi ta da kallo tana lilo a kan igiya, har ta shige bayan Dala.

Aka kira sallar azahar. Kiran bai gama sauka ba bangon tashar ya yi huci. Na shagon da ke kallonsa ma ya yi, da na asibiti, da na makarantar da ke hawa na biyu, har ƙasa cikin tsohon gari inda tagogin gidaje suka haskaka ɗaya bayan ɗaya. Ko'ina Baba Haladu ne zaune yana gyara hula. Tattabaru suka tashi gaba ɗaya suka bar unguwar.

Kusa da Ilu wata mata ta tsaya da 'yarta budurwa, da alama faɗa suke yi tun daga gida. Matar ta ga allon, fuskarta ta washe.

"Yauwa, ga Baba. Tunda ni kin raina ni, zo ki durƙusa ki gaya masa abin da kika yi."

Ilu ya buɗe baki zai ce kat. Sai ya ɗaga kai ya dubi birnin, hawa uku, bango bayan bango har iyakar ganinsa, shi kuma murya ɗaya gare shi, ita ma ta dushe.