Kuka a Cikin Waya

Rana ta yi ja a bayan duwatsun Kibiya, awaki sun dawo da kansu, Jumai tana kwashe tuwo a madafi. Mijinta Jabiru yana tsugune a tsakar gida yana goge siminti daga yatsunsa, 'yarsu Hidaya tana zuba masa ruwa daga buta. Sai dutse ya faɗo a kan kwanon ɗaki.

Wani ya sake faɗowa, ya gangaro, ya tsaya a gaban Jabiru. Ya ɗauka ya juya shi. Ba dutsen gona ba ne. Tsakuwar kankare ce, da siminti a jikinta, irin kwaɓin hannunsa.

"Maƙwabta ne," in ji Jumai.

"Maƙwabtanmu gonaki ne," in ji shi.

Gidan Jabiru shi ne na ƙarshe a Nariya ta wajen fa, wani shimfiɗaɗɗen dutse a bakin gari. Magini ne, yana kuma taɓa walda. A bazarar nan wasu masu bincike suka zo daga birni da na'ura mai jin motsin ƙasa, wadda aka ce ko ƙasa ta yi tari a can ciki za ta ji. Babbansu, Injiniya Adnan, ya ba Jabiru aikin gina mata ɗaki a wurare da dama. A fadama ya ɗaga bakin ginin saboda ambaliya. A jigawa ya yi haƙa mai zurfi har ya taɓa ƙasa mai tauri. Ya binne waya a cikin bututun roba don kofaton shanu da bakin garma, ya liƙe kowace mahaɗa da gam don gara da ɓera. Aikinsa ba ya yoyo.

Na ƙarshe shi ne na kan fa, bayan gidansa. Akwai wata tsaga a dutsen, iska mai sanyi tana fitowa daga cikinta ko da tsakar rana. Injiniya ya ce nan ne daidai, dutse ne mai jijiya har ƙasa. Aka dasa na'urar a bakin tsagar da siminti, yadda ba ta ciruwa sai an fasa. Jabiru ya kewaye ta, har da bakin tsagar, da kankare da rodi, ya yi murfin ƙarfe, ya ja waya har ɗan ɗakin da ke jikin zaurensa, inda aka ajiye batir da akwatin da ke karɓar saƙon.

Zubin ƙarshe da magariba ya yi shi, don siminti ba ya son rana. Manya sun ce in za ka toshe rami, ka yi sallama, ka faɗa wa masu wurin, ka ba su lokaci su kwashe. Ya sani. Kowa a nan ya sani. Amma kwaɓin ya fara kamawa a kwano, sai ya zuba, ya shafe, ya tafi masallaci.

Jifa ta zama ta kullum, daga faɗuwar rana zuwa isha'i. Bayan jifa sai kuka, siriri, kamar na jinjiri a ƙasan rijiya. Suka zaga gida ba su ga inda yake fitowa ba.

Hidaya ce ta gano. Wata yamma Jumai ta neme ta ta rasa, can sai ta same ta a ɗakin batir, ta manna kunne a bango daidai inda waya ta shigo. Ta naɗe ƙafafu, ta haɗa gwiwa da haɓa kamar wadda aka cusa a akwati. Jikinta sanyi ƙalau. Numfashi take ja gajere gajere.

"Tashi, Hidaya."

"Ba wuri, Inna," ta ce.

Suka kira mai mota don a kai ta asibitin Kibiya. Jabiru ya sungume ta. Yana taka dokin ƙofar zaure numfashinta ya ɗauke, idanunta suka kafe. Ya ja da baya, numfashi ya dawo. Ya sake gwadawa, haka. Mai motar ya karanta abin da ya sawwaƙa, ya tada motarsa.

Daga nan gidan ya zama kurkuku. Jumai ba ta fita, Jabiru ba ya zuwa aiki. Mutane suka daina bi ta ƙofar. Hidaya ba ta miƙe ƙafa, ba ta cin komai sai ruwan koko, kullum numfashin yana ƙara gajarta. A cikin haka Injiniya ya bugo waya.

"Malam Jabiru, mata na daka ne kusa da fa ɗin? Kullum da magariba na'urar tana nuna bugu, ƙanana, a jere."

"Ba mai daka a can."

"To wani abu na ƙwanƙwasawa. Ka dai tabbata murfin nan ya zauna, ruwa ya kusa sauka. Ɗigo ɗaya ya shiga, ta tashi aiki."

Jabiru ya aika Yalwa ta Rano aka ɗauko Malam Mahdi. Tsoho ne marar yawan magana, ya iso bayan la'asar a bayan babur. Hadari yana haɗuwa a gabas, gari ya yi tsit, ko ganye ba ya motsi. Ya yi alwala, ya shiga ɗakin batir, ya zauna a ƙasa kusa da yarinyar. Ya yi ta karatu a hankali har haske ya fara ja baya.

Sai Hidaya ta buɗe baki. Muryar tsohuwa ce, a dushe.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni, kuma ba ni na fara ba."

"Wace ce ke, baiwar Allah?"

"Mai fa. Tun kafin a sare dajin nan nake ciki."

"Me kike nema a jikin 'yar mutane?"

"Kunnenta. Na fita nema, na dawo na tarar an liƙe mini ƙofa. Ɗana yana ciki. Ta wannan igiya kaɗai nake jin sa."

Jumai ta toshe baki da gefen zane. Jabiru yana tsaye a ƙofa, ya dafa bango.

"Ku da kuke ratsa bango," in ji Malam, "me ya hana ki shiga?"

"Bangon ƙasa muke ratsawa. Wannan ya saƙa ƙarfe a ciki, ya rufe da ƙarfe. Ramin igiyar ma ya cika shi da danƙo. Na zaga, na zaga, ko ƙofar tururuwa bai bari ba." Kan yarinyar ya juyo wajen Jabiru. "Ka iya aiki, magini. Ba ka iya sallama ba."

"Ban san da kowa ba," in ji Jabiru, murya ƙasa.

"Ka tambaya?"

Jabiru ya sunkuyar da kai. Muryar ta ci gaba.

"Yadda nawa yake zaune, haka taka za ta zauna. Iskar da ta rage masa, ita ta rage mata. Ba ta da yawa."

Malam ya ce, "Yarinyar ba ta zuba siminti ba. Faɗi abin da zai raba."

"Baƙin bunsuru a kan fa, da hannun da ya yi shafen."

"Ba a yanka wa kowa sai Allah, kin sani. Hannu kuma ba naki ba ne. Nemi haƙƙinki, ki bar na wani."

Can nesa aka yi tsawa.

"A ɗaga murfin," in ji muryar. "A bar shi a buɗe har gari ya waye. Ya galabaita, ba zai fito da sauri ba, ga kayana. Kada a rufa komai a kai, ko tabarma."

"In an yi, kin bar gidan nan har abada?"

"Na rantse da wanda ya halicce ni da ku. In na ji iska ta taɓa shi, na tafi. Ba na son dutsen da aka sa wa kunne."

Jabiru ya dubi sama ta ƙofa. "Malam, ruwa zai sauka. Na'urar ba ta ciruwa. Amana ce aka ba ni."

"Amana biyu ce a hannunka," in ji Malam Mahdi. "Ɗaya ana sayo wata."

Jabiru ya ɗauki sifana da wuƙa, ya fita.

Iska ta taso yana hawa fa. Ya durƙusa a gaban ginin. A ƙarƙashin murfin ana ƙwanƙwasawa, a raunane, ana hutawa, ana sakewa. Ya yi sallama. Ya kwance notuna, ya yanke gam ɗin da ya bi da shi layi layi, ya sa kafaɗa ya ture ƙarfen gefe.

Wani sanyi ya fito ya shafi fuskarsa, mai warin ƙasa rufaffiya. Bai ga komai ba. Bugun ya tsaya.

Sai ruwa ya sauko, manyan ɗigo tukuna, sannan kamar da bakin ƙwarya. Ya tsaya yana kallon ramin yana cika, ruwa ya hau na'urar, ya rufe mahaɗar wayar da ya fi ɓata lokaci a kanta. Rigarsa tana jikinsa, bai tuɓe ya rufa ba. Ya juya ya gangara.

Tun daga nesa ya hango mutum a waje, gaban zaure. Hidaya ce, tsaye a kan ƙafafunta a cikin ruwan, ta ɗaga kai, ta buɗe baki tana jan iska har ƙirjinta yana ɗagawa. Jumai tana bayanta riƙe da mayafi, ta kasa matsowa.

Ya iso ya tsaya. Yarinyar ta dube shi, ta yi magana da muryarta.

"Baba, ka jiƙe. Ina ka je a cikin ruwan nan?"

"Ƙofa na je buɗewa," ya ce. "Sha iskarki."