Mai Gadin Takalma

Akwai wani a cikinku, ba zan faɗi sunansa ba, jiya ya kori ɗan'uwansa daga wasa don yana dogara sanda. To, buɗe kunnenka!

A wani gari an yi wani yaro mai ƙafa ɗaya. Kullum ya zo dandali sai a ce, "Tsare mana takalma." In tsere ne, tsare takalma. In kokawa ce, tsare takalma.

Ran nan yaran ƙetaren rafi suka zo langa, wasan tsalle da ƙafa ɗaya. Suka yi ta zubar da 'yan gari, har Jatau, babban yaran garin, ya gurɗe ƙafa. Saura kaɗan baƙi su tafi suna yi musu waƙa.

Yaron ya ce, "Yaya Jatau, tsare mini sandata."

"Kai? Za su karya ka!"

"Ku wasa kuke yi, ni tafiyata ke nan."

Ya zille nan, ya bangaje can, har baƙi suka zube kaf. Aka ɗaga shi sama ana ihu, Jatau na biye da sanda yana ɗingishi yana dariya.

Kai mai kora, gwaninku kuka bari yana gadin takalma. In ƙarya nake, tashi ka musa!